Baffa Ya Tafi da Izinin Matan Gidanmu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Na maimaita kalmar nan ranar da Baffa ya rasu har maƙogwarona ya bushe, kuma har yau da nake wannan rubutu ban daina ba, don abin da mutuwarsa ta tayar a gidanmu bai kwanta ba tukuna.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, shi ya kwaso mu ni da ƙanwata ya zuba mu cikin 'ya'yansa, a gidansa da ke wani ƙauye a ƙasar Kahu. Matarsa, Inna, ita ta yi mana wanka da kitso har muka girma. Ni ya aurar da ni Rano, inda nake koyarwa a firamare. Ƙanwata kuwa ita da ɗansa na biyu suka daidaita kansu tun suna zuwa makarantar allo, ya ɗaura musu aure yana murna, saboda haka ita ba ta taɓa sanin wani gida ba sai wannan.

Ranar jana'iza mu mata muna ciki, amma ta kan katanga muna jin yadda ƙofar gida take cika. Mutanen Saji sun zo a bayan a-kori-kura, na Rurum Tsohon Gari a kan babura. Fulanin rugar da ke bayan gonarsa suka zo da ƙafa, matansu suka sauke ƙoren nono a gaban Inna suka zauna. Limamin ƙauyen, abokinsa tun na ƙuruciya, an ce da ya ɗaga hannu zai yi kabbara muryar ƙin fita ta yi, sai da ya sake. Har 'yan siyasa sun zo, jam'iyyu biyu, aka haɗa su a tabarma ɗaya kowa yana hararar ɗan'uwansa ta gefen ido. Wannan ya ce ai Malam namu ne tun asali, wancan ya ce Malam bai taɓa barinmu ba. Da Yaya, babban ɗan Baffa, ya shigo yana ba mu labari, sai da muka yi dariya da hawaye a fuska, don duk duniya babu wanda ya san wa Baffa yake zaɓa, har Inna.

Ana cikin haka wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo tana dogara sanda. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta zube a gaban Inna tana cewa, "Wayyo ni Allah, yanzu wa zai kai mu layi?"

Baƙin da suka zo daga nesa sun ɗauka ruɗewar tsufa ce. Mu 'yan gida mun san layin da take nufi. Na ɗaga kai muka haɗa ido da ƙanwata. Zaɓen ƙananan hukumomi yana nan tafe. Mijinta yana Jidda, ya daɗe yana cewa ba ya so ta ƙara fita zaɓe, ita kuma na san ba za ta iya zama ba. Mutum ɗaya ne tak yake iya tsayawa a tsakaninsu, kuma shi aka fita da shi a makara ɗazu.

Mijin nata, da muke ce wa Na-Jidda tun da ya tafi, bai sami jana'izar ubansa ba. A waya ya kalle ta. Yaya ya riƙe wayar sama da kawunan mutane har aka gama rufewa, ya ce yana jin kukan ƙaninsa yana fitowa daga tafin hannunsa, ya rasa yadda zai yi da shi.

Bari in gaya muku wane ne Baffa, tun kafin mu tsufa mu fara ƙara masa tsawo. Gajere ne, siriri, mai saurin tafiya, ko masallaci za shi sai ka ce gobara ce ta tashi. Bai yi boko ba, karatun allon ma bai yi nisa ba, Malam ɗin da ake ce masa na girmamawa ne. Manomi ne na dawa da gyaɗa, da 'yar albasa a fadama in rani ya yi. Rediyonsa kullum tana rataye a reshen bishiya in yana noma, kuma musu yake yi da ita. Kana wucewa ta bakin gona sai ka ji ya ɗago daga kunya ya ce, "Ƙarya kake yi, Allah ya shirye ka!" ka waiga ka ga ba kowa sai shi da fartanya. Ni yakan ce bakina ya fi na rediyon, don ita ana iya kashe ta.

Goro kuwa ba ya ci, ko na ɗaurin aure aka ba shi sai ya miƙa wa na kusa. Dalili shi ne ya yi rayuwa a cikin goro har ya gundure shi. Yana saurayi ya bi fatake zuwa Kumasi, ya yi shekaru yana ɗaukar huhun goro a ka, har ya kama ɗaki, ya sayi gado da keke, ya fara jin yaren mutanen. Yakan ba mu labarin in muna ɓarar gyaɗa, kuma kullum a wuri ɗaya muryarsa take canjawa.

"Rana ɗaya aka yi sanarwa a rediyo, wai baƙi su tattara su fita. Babu wanda ya zo ya tambaye mu. Wanda muke cin tuwo a akushi ɗaya da shi, shi ya zo yana taya gadona. Na dawo a bayan babbar mota, daga ni sai buta da tabarma." Sai ya watsa ɓawon gyaɗar gefe ya ce, "A can na gane baƙo ba a tambayarsa. Nan kuwa, ko ba za a ji tawa ba, dole a tambaye ni. Ranar tambayar kuma ba zan kwanta a ɗaki ba."

Ranar tambayar ita ce ranar zaɓe. Tun da na yi wayo ban ga ta wuce shi ba, daga na shugaban ƙasa har na kansila. Zai yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tsaya a tsakar gida ya yi gyaran murya, ya ce, "Matan gida, na ba ku izini, ku fito." Sai ka ga labule yana ɗagawa ɗaki bayan ɗaki. Shi ne a gaba, buzunsa a kafaɗa, 'yar kujerar Inna a hannunsa, mu a baya, tsofaffin maƙwabta suna shigowa cikin ayarin a hanya. In mun isa rumfa ba ya shiga layi sai ya ga kowace tsohuwa ta sami inuwa. Akwai wani dattijo makaho da kowa ya san ba ra'ayinsu ɗaya ba, kullum suna musu a dandali, amma Baffa ne yake zuwa har gida ya riƙo masa sanda ya kawo shi. Na taɓa ce masa, "Baffa, wannan fa kishiyarka zai zaɓa." Ya ce, "To ni na ce a tambaye ni ni kaɗai?"

Bai taɓa tambayar kowa wa ya dangwala wa ba. Mu ne muke tsokanarsa a hanyar dawowa, "Baffa, kai wa ka zaɓa?" Ya ce, "Wanda zai faɗi. Nawa kullum faɗuwa yake yi, shi ya sa nake komawa." Da na yi aure na so in mayar da katin zaɓena Rano, ya ce ban isa ba. Har yau sunana a rumfar ƙauyenmu yake, duk zaɓe sai na yi sammakon mota na zo gida.

Daga baya mazan gidan suka fara tafiya. Ɗaya ya tafi Legas, ɗan ƙanin Inna da aka riƙa a gidan ya bi hamada zuwa Libiya, Na-Jidda ya sami bizar aiki. Ba gidanmu kaɗai ba, duk ƙauyen haka ya koma, mata da yara da tsofaffi, sai Yaya da 'yan tsirarun da suka riƙe noma. To a wajenmu kowa ya sani matar aure ba ta fita sai da izinin mijinta, ga mazan kuma sun yi nisa. Sai Baffa ya fito da wata ƙa'ida tasa. Duk ɗan da ya durƙusa neman albarkar tafiya, sai ya kira Liman ya zauna shaida, ya ce, "Izinin asibiti, da na gaisuwar mutuwa, da na zaɓe, ka bar mini su amana. Sauran ka tafi da abinka." Kowa dariya yake yi ya ce na bari, Baba. Na-Jidda ma ya ce ya bari.

Ba zan yi wa matafiyan nan butulci ba, sun riƙe gida. An cire jinka an sa kwano, an haƙa burtsatse a ƙofar gida, an ɗora sola. Da 'yan siyasa suka zo da taliya da sabulu kamar yadda suka saba, matan gidanmu ko leƙowa ba su yi ba, Baffa ya yini yana washe baki yana cewa yanzu ƙuri'ar gidansa ta fi ƙarfin taliya. Murnar ba ta daɗe ba. Ya lura in an kira taron gari a kan makaranta ko hanya, gidajen da suke da ɗa a waje ba sa turo kowa. Ruwa sun haƙa nasu, wuta sun sayi tasu, ciwo in ya zo a ɗauki shatar mota zuwa Kano. Me za su je su ce? Na same shi wata rana a zaure ya kashe rediyo, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Malama, tsoro nake ji. Da talauci ne yake sa a saye mu, yanzu ƙoshi zai sa mu daina fita gaba ɗaya. In muka daina fita, an manta da mu ke nan."

Yana da wata al'ada kuma, in zaɓe ya matso sai ya tara gida a zaure bayan la'asar, maza a ciki, mata a bakin ƙofar da ke kallon tsakar gida, kowa ya faɗi abin da yake damunsa da wanda yake ganin zai gyara. Ba a yanke komai, ji kawai ake yi. Magana bisa girma take tafiya, daga babba zuwa ƙarami. Da matafiya suka yi yawa sai ya sa a riƙa kiransu, a ajiye kowace waya a kan tabarma daidai inda mai ita yake zama da yana gida. In waya ta yi katsalandan sai ya nuna ta da yatsa ya ce, "Kai na Legas, ba a zo kanka ba." Wayar kuwa ta yi tsit. Mun sha dariyar wannan abu, ganin mutumin da yake ciyar da rabin gida an ajiye shi kusa da takalma yana jiran yayansa ya gama zancen taki.

Abin da ya kashe dariyar rafi ne. Tsakanin ƙauyenmu da titi akwai rafin da in rani ne yara suke ƙwallo a cikinsa, in damina ta yi ƙarfi kuwa ko shanu ba sa gwada shi. Duk ɗan takarar da ya zo sai ya tsaya a bakinsa ya yi alkawarin gada. Naƙudar ƙanwata ta biyu ta zo da gardama ana tsakiyar damina, da rana tsaka, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Baffa ya sa aka ɗora ta a amalanke, shi da Inna da Yaya suka kai ta bakin rafi, motar da aka kira tana tsallake ana hango ta. Suka tsaya jiran ruwa ya janye. A nan ta haihu, a bayan zannuwan da Inna ta kare ta da su, namiji, ya yi numfashi kaɗan ya koma. Baffa ne ya naɗe shi a rawaninsa ya dawo da shi gida.

Mutum biyu suka yi rashin nan, kowa da abin da ya ɗauka a ciki. Na ji su da kunnena a zaman zaure na babban zaɓen da ya biyo baya. Da aka zo kan wayar Na-Jidda, ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Baba, ni fa yanzu na ga duniya. Ƙasar da nake babu zaɓe, babu layi, babu hoton kowa a bango yana roƙo. Amma wuta ba ta ɗaukewa, titi sumul, mai naƙuda kafin ta yi ƙara ta biyu motar asibiti ta iso. Ku kuna ta dangwale tun kafin a haife ni, me aka ba ku? Ɗana ya mutu a bakin rafi. Ni dai iyalina ta gama shan rana saboda maƙaryata. Izinin zaɓen nan da na bar maka, na karɓi abina."

Baffa ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Ɗanka a hannuna ya cika, ba labari aka ba ni ba," in ji shi. "Titin da kake yabo, an tambaye ka kafin a yi shi? In ka ga abin da bai yi maka ba a can, wa kake iya gaya wa? Ni na zauna inda kake zaune, na san daɗinsa, na san kuma bakin mutum a aljihu yake. Amana kuwa a gaban Liman ka ba ni, hannu da hannu. In kana son abinka ka zo da ƙafarka ka karɓa, ba a karɓar amana ta waya."

"Baba, matata ce fa."

"'Yata ce kafin ta zama matarka. Ka yi shiru, an wuce kanka."

Da layi ya zo kan ƙanwata, ita da ba ta cika magana a zaman ba, sai ta ce daga bakin ƙofa, kanta a sunkuye, "Ni dai gada nake so. Ban sani ba ko za a yi. Amma in na zauna a ɗaki na tabbata ba za a yi ba." Kafin ta rufe baki mijinta ya kashe wayarsa. Ranar zaɓe Baffa ya tsaya a tsakar gida ya yi kiransa, ta fito ta bi ayari.

Daga nan Na-Jidda ya daina kiran ubansa. Aike bai fasa ba, yana kiran Inna, yana kiran matarsa, amma in aka ce ga Baba sai ya ce aiki ya taso. Baffa bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Sai dai duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya hau wani dutse da ke bayan gari inda waya ta fi kamawa, ya shimfiɗa buzu ya zauna, wai iska yake sha. Mutumin da gwiwa take damunsa! Na ce, "Baffa, ka kira shi mana, ai kai ma kana da lambar." Ya ce, "Uba ne zai kira ɗa? Ke dai bakinki ba ya gajiya." Amma wata Juma'ar ma ya hau.

Sun yi magana sau ɗaya kafin ya kwanta ciwon ajali, ɗan ne ya kira. Inna ta ce zancen ruwan bana suka yi da farashin albasa, Baffa ya sa masa albarka har sau uku, babu wanda ya taɓo zaɓe a cikinsu. Mun ɗauka an shirya ke nan. Ciwon bai ja ba, zazzaɓi ne da tari, ya cika da hantsi kansa a cinyar Yaya.

Bayan sadakar arba'in ƙanwata ta kira ni ta ce in zo. Na same ta a ɗaki ta miƙo mini waya. Saƙon murya ne daga mijinta. Ya ce Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, amanar da ya ba shi ta dawo hannunsa. Sannan ya ce, "Ranar zaɓe in kika taka ƙofar gida, a bakin aurenki."

Innalillahi! Nan take na kira shi, kuma wallahi na wanke shi tas, don ni na goya shi, babu abin da zan ji nauyin gaya masa. Na ce ƙasar kabarin ubanka ba ta bushe ba za ka rushe abin da ya gina? Na ce ka zauna a ƙasar mutane kana juya gida da ɗan yatsa? Ya bar ni na gama. Da ya buɗe baki sai na ji kuka yake yi.

"Adda, in rikici ya tashi a rumfa wa zai tsaya mata? Baba ba ya nan. Ni ina nan ina tuƙa tankar ruwa tun asuba, mu da yawa a ɗaki ɗaya, ina haɗa takardun da zan ɗauko ta ita da yarinya, su bar ƙasar da ta kashe mini ɗa. Ku kuna so ta je ta sa hannu a ci gaba da yi mana ƙarya. Na faɗa, kuma na faɗa."

Na kashe wayar. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Sauran matafiyan da suka ji, su ma kowa ya kira matarsa ya ce ta zauna, tunda babu mai kai su. Ba su ambaci aure ba, amma an gane. Na je wajen Yaya na ce ya tsaya a inda Baffa yake tsayawa. Ya ce, "Malama, ni wa ne, ba uba ba ne. Babu wanda ya bar mini amanar komai. Kuma takin da na zuba bana shi ya aiko, da wane baki zan yi masa tsawa?" Muka tafi wajen Liman ni da shi. Tsohon ya saurari saƙon, ya sa aka maimaita masa, ya share ido da bakin rawani. Ya ce maganar ta riga ta fita, shi kansa mai ita ba zai iya haɗiye ta ba yanzu. In ta fita ranar, saki ɗaya ya faɗa. Abin da ya rage kawai, yana iya mayar da ita da kalma ɗaya kafin iddarta ta cika, in ya ga dama.

Ni da na wanke Na-Jidda, ni ce na koma ina lallashin ƙanwata. Na ce ƙuri'a ɗaya ce fa, kuma na kansila ne da ciyaman, ba na shugaban ƙasa ba. Na ce ki bari wannan ya wuce, a hankali za a shawo kansa. Na ce Baffa ma da yana raye ba zai so aurenki ya taɓu ba. Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba, ta ce, "Adda, ai na kansilan ne yake tsayawa a bakin rafi." Kwanakin nan ko abinci ba na iya ci, ina gaban allo ina koyar da yara sai in ji na manta abin da nake faɗa.

Ranar ta zo. Na iso gida da sassafe na tarar da tsakar gida an share, kaji suna kiwo, labule duk a sake. Babu wanda ya yi gyaran murya. Yaya yana zaure da katinsa a aljihu, yana shiga yana fita. Inna tana zaune a bakin ƙofarta da carbi, tana takaba, ba kwalli ba ɗan kunne, ita ba ta da halin fita ko da ta so. Na ce a raina shi ke nan, mu biyu za mu je mu dawo, Allah ya rufa asiri.

Sai labulen ƙanwata ya ɗaga. Ta fito da hijabinta, ta riƙo hannun 'yarta ta kai ta gaban Inna ta zaunar. Ta durƙusa.

Inna ta ce, "Kin ji abin da Liman ya ce?"

"Na ji, Inna."

"Kin san ɗana da taurin kai. Na ubansa ya ɗauko."

"Na sani."

Inna ta ja carbi ɗaya, biyu, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Na bi ta har zaure. A bakin ƙofa na kama gefen hijabinta, ta juyo ta dube ni, na saki. Ta yi bismilla ta taka waje. Mu uku muka tafi, Yaya a gaba. A rumfa babu wani layin kirki, babu rikici, babu komai, malaman zaɓe suna zaune suna hamma. Kafin rana ta yi zafi mun gama. Abin da za a rasa aure a kansa, bai kai daɗewar dafa shayi ba.

Da muka dawo, matan gidan suna leƙe ta bayan labule. Ƙanwata ta wuce zaure ta shigo, sai ta tsaya cak a tsakiyar gida, tawada a babban yatsanta. Macen da miji ya saka, gidan ubanta take tafiya, ita kuwa a gidan uban nata take tsaye. Ta dubi ƙofar ɗakinta, ta dubi Inna, ta ce, "Inna, ina zan shiga?"

Inna ta miƙe da ƙyar ta ɗaga labulen ɗakinta. "Shigo nan mu yini tare," in ji ta. "Ni ina jiran kwanakina su cika, ke kina jiran naki."

Yau makonni ke nan. Aiken wata ya iso kamar kullum, amma bai kira matarsa ba, bai kira uwarsa ba, ni kuwa in na kira ba ya ɗauka. Liman ya aika masa saƙo, shiru. Ban sani ba ko ƙuri'ar nan za ta taɓa zama gada. Abin da na sani, duk lokacin da wayata ta yi ƙara a aji sai in bar allo in duba, kuma iddar tana tafiya ba ta jiran kowa.

Allah ya jiƙanka Baffa, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabarinka, ya saka maka da alherin marayun da ka riƙa da tsofaffin da ka nema wa inuwa. Ya ba Inna haƙurin rashinka. Mu kuma da ka bari, ya Allah ka dube mu, ka sassauta zuciyar ɗansa, ka sa ya kira kafin kwanakin su ƙare.